Yadda ake gano kamun furotin da hoton terahaz ba tare da rini ba

A hanyoyin da aka saba, idan ana son a san ko furotin ya kama abokin haɗinsa, ko zaren DNA ya haɗu da ɗan'uwansa, sai an maƙala wa ɗayansu alama: rini mai ƙyalli, ko inzayim mai sauya launi. Alamar na cin kuɗi da lokaci, wani sa'in ma ta taɓa wurin kamun kansa. Igiyar terahaz (THz), wadda ke tsakanin igiyar maikurowef da hasken infrared, tana iya ganin kamun ba tare da wannan ba. An nuna haka tun 2000, lokacin da masu bincike a jami'ar RWTH ta Aachen a Jamus suka bambance DNA mai zare biyu da mai zare ɗaya ta yadda kowanne ke lanƙwasa igiyar. Amma siginar ƙarama ce ƙwarai, kuma ruwa, gishiri da kaurin farantin da ake ɗora samfurin a kai duk sun fi ta ƙarfi. Kusan duk aikin da ke ƙasa na hana waɗannan ukun yin shigar burtu ne su fito a matsayin kamu.

Misalin da za a bi shi ne bayotin (wani ƙaramin bitamin) da sitireftabidin, furotin ɗin da ke kama shi. Kamunsu na daga cikin mafi ƙarfi da aka sani (Kd, ma'aunin da ƙanƙantarsa ke nuna ƙarfin kamu, wajen 10⁻¹⁴ M ne), don haka wanki ba ya raba su. Da shi ya kamata kowa ya fara kafin ya taɓa antibodi.

Girman abin da ake nema

THz 1 yana da tsawon zango µm 300, ƙarfin kowane fotan kuma meV 4.1 ne kawai, bai isa ya karya haɗin sinadari ba. Sitireftabidin kuwa faɗinsa wajen nm 5 ne. Idan shimfiɗa guda tasa ta rufe faranti, kuma ma'aunin lanƙwasarta ya kai 1.6, jinkirin da za ta jawo wa bugun terahaz shi ne 0.6 sau nm 5 a raba da gudun haske, wato kusan femtosakan 0.01 (femtosakan 1 shi ne 10⁻¹⁵ na daƙiƙa). A gefe guda, bambancin kauri na µm 1 a farantin silikon yana jawo jinkirin femtosakan 8, ninki 800 ke nan. Kamar auna nauyin ƙuda ne yana kan bayan raƙumi.

Kada kuma a sa ran ganin layukan shaida na furotin. Ƙananan sinadarai masu tsarin kiristal suna da su, kamar laktos da ke shan igiya a THz 0.53. Furotin a zafin ɗaki, balle a jiƙe, shansa shimfiɗaɗɗe ne ba tsini. Abin da ake aunawa shi ne sauyin da shimfiɗar ta kawo wa wani abu mai amsawa da ke ƙarƙashinta. Wanda ya tabbatar da cewa abin da ya zauna ɗin shi ne abin kamu, to sinadarin saman faranti ne da guraben shaida, wato wuraren kwatance da ake warewa a kan farantin.

Na'ura

Ana buƙatar na'urar terahaz mai auna bugu a cikin lokaci. Sassanta: leza mai bugun femtosakan 100 ko ƙasa (taitaniyam-safaya a nm 800 da eriyar GaAs, ko lezar zare a nm 1550 da eriyar InGaAs), layin jinkiri, madubai huɗu masu lanƙwasa ko gilasan TPX da za su tattara igiyar a kan faranti, teburin motsi na gefe biyu, da akwati mai rufi. Hasken lezar duka biyun ido ba ya ganinsa sosai ko sam, a sa tabaran da ya dace da zangonsa.

A cika akwatin da naitirojin ko busasshiyar iska har laima ta sauka ƙasa da kashi 3 cikin ɗari, a kuma jira ta tsaya cik. Tururin ruwa yana da layukan sha masu kaifi a THz 0.557, 0.752, 0.988, 1.097 da 1.163, kuma idan laima na hawa da sauka, zurfin layukan na sauyawa ya ja siffar abin da ake aunawa. A kunna leza sa'a guda kafin a fara. Ɗakin ya kasance mai samun iska saboda naitirojin.

Gwaji biyu kafin a sa faranti. Na farko, a danne garin laktos ya zama ƙwaya a duba ko layinsa ya faɗo a 0.53, idan ya kauce, lissafin layin jinkiri ne ke da matsala (motsin µm 150 daidai yake da pikosakan 1, tunda hasken zuwa yake ya dawo). Na biyu, a auna faɗin igiyar a wurin tattaruwa ta hanyar tura bakin reza a hankali cikin hanyarta. A kusa da THz 1 yawanci ana samun mm 1 zuwa 2, kuma yana ƙara faɗi a ƙananan mitoci. Wannan adadin ne zai yanke girman gurabe.

Faranti

Abin amsawa mafi sauƙin ƙerawa shi ne jerin tsagaggun zobba na zinare. Kowane zobe yana amsawa a wata mita da ƙarfin wutar da ke taruwa a tsagarsa ke ƙayyadewa. Duk abin da ya zauna a tsagar yana saukar da mitar kaɗan.

Ƙirar farawa: zobe mai kusurwa huɗu, gefe µm 36, faɗin layi µm 4, tsaga µm 2, tazara daga zobe zuwa zobe µm 50. Zinare nm 200 a kan taitaniyam nm 10. Kaurin ya wadatar, tunda igiyar THz 1 ba ta shiga zinare fiye da nm 80. A kan silikon wannan ƙira na amsawa a wajen rabin THz. A kan gilashin kwaz tana hawa zuwa tsakanin 0.8 da 0.9, tsakanin layukan tururi biyu, wurin da ake so. A gwada ƙirar a kwamfuta kafin a buga abin rufe haske.

Kwaz ya fi silikon a wannan aiki. Ma'aunin lanƙwasar silikon 3.42 ne, na narkakken kwaz 1.95. Gindi mai babban ma'auni yana janye yawancin filin lantarki zuwa cikinsa, sai abin da ke sama ya zama ba shi da tasiri. Kaurin gindin ma da muhimmanci: bugun yana kai-komo a cikinsa ya fito da amsa-kuwwa. A silikon mm 0.5 tana zuwa bayan pikosakan 11.4, a kwaz mm 2 kuma bayan 26. Dole a yanke awon kafin ta iso, kuma gajeren awo na nufin tazara mai faɗi tsakanin mitoci: pikosakan 25 na ba da GHz 40. Cika bayanan da sifili yana gyara kamannin zanen ne kawai, ba ya ƙara wani sabon bayani. A zaɓi kwaz mm 2 wanda aka goge fuskokinsa biyu.

A raba faranti mai mm 20 sau 20 gida tara, kowane gurbi mm 4 sau 4, da tazarar mm 2. A nan hoton ke da amfani: samfur da shaidunsa suna kan gindi ɗaya, a akwati ɗaya, a sa'a ɗaya. Rabon da ya dace:

- Gurabe uku: bayotin, sannan sitireftabidin.
- Gurabe biyu: PEG (sinadari mai dogon zare da ke rage mannewar furotin) marar bayotin, sannan sitireftabidin. Suna nuna mannewar da ba ta kamu ba.
- Gurabe biyu: bayotin, sannan ruwan bafa (ruwan gishiri mai riƙe pH) zalla. Suna nuna abin da wanki da busarwa ke bari.
- Gurbi ɗaya: bayotin, sannan sitireftabidin da aka riga aka cika wurarensa huɗu da bayotin a kwalba. Furotin ɗaya ne, nauyi ɗaya, amma ba zai iya kamu ba. Wannan shaida ta fi kowace ƙarfi, kuma ita aka fi tsallakewa.
- Gurbi ɗaya: kwaz tsura ba zobba, domin raba kowane awo da shi.

Shirya saman faranti

Mutane da dama suna zaɓar sinadaran tayol, masu kama zinare, saboda zobban na zinare ne. Sai dai filin ya fi ƙarfi a cikin tsaga, kuma ƙasan tsagar kwaz ne. Sinadarin silen ne ke sa abin kamu a can.

A wanke da asiton, sannan aisofurofanol, minti 5 kowanne, a busar da naitirojin. A sa a filasmar iskar oksijin minti 2, ko hasken UV mai ozon minti 15. Ruwan firanha, wani cakuɗin asid mai tsananin ci, yana yin aikin, amma haɗarinsa ya fi amfaninsa a nan. Ɗigon ruwa ya baje sarai a kan kwaz ɗin. Idan ya dunƙule, a sake.

Nan take a tsoma cikin APTES, wani nau'in silen mai rukunin amin, kashi 2 cikin ɗari a etanol mai ƙarfin 95, minti 20. A ɗauraye da etanol sau uku, a gasa a digiri 110 na minti 20. Tsohon APTES da ya sha laima yana dunƙulewa ya bar tudu-tudu masu kaurin da ya ninka furotin ɗin; idan faranti ya yi hazo, daga nan ne.

A manna robar silikon mai ramuka tara. A narka NHS-PEG4-bayotin a busasshen DMSO, a sirka shi zuwa mg 1 a kowane mL a bafa ta fosfet mai pH 7.5 zuwa 8, a zuba µL 30 a kowane ramin da ya dace cikin minti ɗaya ko biyu. Rukunin NHS, wanda ke ɗaure bayotin ɗin ga amin na APTES, yana lalacewa a ruwa, kuma da pH ya haura 8.5 cikin mintuna yake mutuwa. Kada a yi amfani da Tris ko gilaisin, domin suna da amin da za su cinye shi. Guraben shaida su sami NHS-PEG mai kan metoksi. A bar su sa'a guda cikin rufaffen kwano da jiƙaƙƙiyar takarda a gefe, don kada ɗigon ya bushe ya bar zoben datti a bakinsa.

A toshe sauran wurare da BSA (furotin na jinin shanu) kashi 1 cikin ɗari, minti 30, a zaɓi irin wanda aka tabbatar ba bayotin a ciki. Madara ba ta yi ba, tana ɗauke da bayotin. A tuna BSA furotin ne mai nauyin kDa 66, ya ma ɗan fi sitireftabidin mai kusan 53, kuma shi ma zai motsa mitar. Saboda haka awon tushe yana zuwa ne bayan toshewa, ba kafinta ba.

Wanki, inda yawancin sakamako ke lalacewa

Cikakkiyar shimfiɗar sitireftabidin tana da nauyin ng 200 zuwa 300 a kowane cm². A gurbi mai cm² 0.16, wajen ng 40 ke nan. Ruwan PBS, bafar fosfet da ake wanki da ita, yana da gishiri kusan g 10 a lita, wato µg 10 a kowane µL. Idan µL 1 kacal ya bushe a gurbin, gishirin da ya bari ya ninka furotin sau 250, kuma zobban ba su san bambancinsu ba.

Don haka kowane zagaye ya ƙare da wanki iri ɗaya: PBS mai Tween-20 kashi 0.05 sau uku, minti 2 kowanne. A cire robar. Ruwa tsarkakakke sau uku. Sannan a karkata farantin a hure ruwan da naitirojin daga gefe guda zuwa ɗayan, ya gangara ya fita, kada ya ƙafe a wurin. Ga kamu mai rauni kamar na wasu antibodi, ruwa zalla na iya warware shi. A nan sai a yi ɗaurayar ƙarshe da amoniyam asitet mM 10 zuwa 50, gishirin da ke tashi da kansa.

Bayan an sa faranti a akwati, a jira minti 20 zuwa 30. Busasshen furotin yana riƙe da ruwa, kuma yana sakinsa a hankali cikin naitirojin; mitar za ta yi ta gusawa har ya gama. Lokacin jiran ya zama ɗaya kafin kamu da bayansa.

Awon tushe, kamu, awo na biyu

A ɗora faranti a mariƙi mai turaku uku da ke mayar da shi wuri ɗaya kullum, tsagar zobban ta daidaita da alƙiblar filin lantarki. Juyawar digiri kaɗan tana sauya zurfin amsawar.

Kafin a zuba ko ɗigon furotin, a cire farantin a mayar sau goma, ana auna mitar kowane gurbi. Warwatsuwar waɗannan awon, σ, ita ce iyakar na'urar ta gaskiya. Maimaita awo ba tare da taɓa faranti ba yana ba da adadi mai kyan gani wanda ba shi da amfani, tunda a gwajin ainihi sai an cire.

Hoton farko a ɗauke shi da taku mm 0.5, maki wajen 1,600. Idan kowane maki na cin daƙiƙa guda, kusan rabin sa'a ke nan, kuma a rabin sa'a leza na gusawa. Wannan hoton na ganin daidaiton gurabe ne da gano lahani. Don adadin da za a dogara da shi, a tsaya a tsakiyar kowane gurbi a tara awo da yawa, ana komawa gurbin kwaz tsura bayan kowane gurbi biyu. Tunanin ya samo asali daga aikin Mickan da abokansa na 2002 a kan abidin (furotin mai kama bayotin kamar sitireftabidin) da bayotin, inda aka riƙa kaɗa farantin da sauri tsakanin ɓangare mai shimfiɗa da marar shimfiɗa ana karanta bambancin kawai.

Sai a mayar da robar, a zuba sitireftabidin µL 30 a PBS, minti 30. A fara da µg 50 a mL don a cika gurbin. Idan za a gwada raguwar yawa, a lura da lissafi: ɗigon µL 30 mai µg 1 a mL yana da ng 30 ne gaba ɗaya, bai kai ya cika gurbin ba ko da duka ya zauna. Zanen sakamakon da za a samu ƙasa da haka yana nuna ƙarewar furotin a ɗigon ne, ba Kd ba. A wanke, a busar, a jira, a auna kamar da.

Lissafi

A yanke kowane bugu a tsayi ɗaya kafin amsa-kuwwa, a yi lissafin Fourier, a raba da na gurbin kwaz. A dace da ramin amsawar (wurin da siginar ke faɗuwa a zanen mitoci) da siffar Lorentz, ko ta Fano idan ramin ya karkace, a kan mitoci iri ɗaya ga dukkan gurabe. Kada a ɗauki maki mafi ƙasa a matsayin tsakiya. Faɗin ramin wajen GHz 100 ne, gusawar da ake nema kuma daga ƙasa da GHz 1 zuwa 'yan GHz kaɗan. Dacewa da dukkan siffar ce kaɗai ke iya fito da ita.

Ga kowane gurbi, a cire mitar tushe daga ta bayan kamu. Sannan a cire matsakaicin guraben bafa zalla daga kowa. Za a ce an ga kamu idan abin da ya rage a guraben samfur ya wuce 3σ, ya sauka ƙasa, guraben PEG da na toshesshen furotin kuma suka tsaya cikin σ. A maimaita a faranti uku daban. Hoton ƙarshe taswirar wannan gusawar ce maki-maki, a zubar da layin bakin kowane gurbi inda igiyar ke taɓa waje.

Idan gusawa ta kai GHz 20 ko 30 daga shimfiɗa guda, a fara zargin gishiri ko tarin busasshen furotin. Madubin ƙara girma zai nuna kiristal ɗin. Idan dukkan gurabe sun gusa tare, zaman faranti ne ko laima. Idan mitar ta hau sama, wani abu ne ya fita, yawanci BSA ko silen da bai kama da kyau ba. Idan bakin gurbi ya fi tsakiyarsa gusawa, ɗigon ya bushe yayin zama. Idan babu gusawa ko kaɗan, a tabbatar furotin ya zauna ta wata hanya: elifsomita (awon kaurin shimfiɗa da haske) a kan guntun silikon da aka bi da shi duk matakan, ko sitireftabidin mai rini a kan faranti na biyu. In ya zauna amma ba a gani ba, sai a matse tsagar zobe ko a koma gindi mai ƙaramin ma'auni kamar robar COC. Ƙara ƙwayoyin zinare don girmama sigina yana aiki, amma daga nan gwajin ya zama mai alama, kuma ya kamata a rubuta shi haka.

Idan dole a auna a cikin ruwa

Busasshen awo ba ya nuna saurin kamu, kuma busarwa na sauya siffar furotin. Matsalar ruwa ita ce sha: a THz 1 ma'aunin shansa ya haura 200 a kowane cm, don haka µm 100 na ruwa yana barin kashi ɗaya cikin goma ne kawai ya wuce, mm 1 kuwa ba ya barin komai. Hanyar ruwa a kan zobba kada ta wuce µm 20 zuwa 50, a yi murfinta da COC ko kwaz, tunda robar silikon (PDMS) na shan igiyar. Ko da haka ramin amsawar zai baje, kuma shan ruwa na ƙaruwa da zafi, sai an riƙe shi cikin digiri 0.1.

Hanyar da ta fi dacewa da ruwa ita ce wadda Toshihiko Kiwa da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Jami'ar Okayama ta Japan. Farantinta safaya ne mai siririn silikon a kai, da fatar oksaid a sama. Leza na shiga ta bayan safaya, silikon ɗin da kansa ke fitar da terahaz, kuma igiyar na fita ta baya ba ta ratsa ruwan ba. Ƙarfinta ya dogara da filin lantarki da ke ƙarƙashin oksaid, wanda cajin abin da ya kamu a sama ke sauyawa. Kaifin hoton ya zama na ɗigon leza, ba na zangon terahaz ba. Tunda caji take ji, gishirin bafa na rufe mata ido: a cikakken PBS tasirin caji ba ya wuce nm 0.7, idan aka sirka shi sau goma nm 2.3, sau ɗari kuma wajen nm 7. Antibodi mai tsayin nm 10 zuwa 15 yana riƙe abin kamunsa can wajen wannan iyaka, sai a sirka bafar ko a yi amfani da guntun antibodi. Alƙiblar sauyin ma shaida ce: abidin yana da caji mai alamar + a pH 7.4, DNA kuma akasin haka, don haka su ja siginar gefe daban-daban. Ɗan sauyin pH na motsa cajin oksaid ɗin shi kansa, saboda haka samfur da ruwan kwatance su fito daga kwalbar bafa ɗaya.

Sake amfani da faranti

Kamun antibodi yakan warware da gilaisin-HCl mM 10 a pH 2 zuwa 2.5 na ƙasa da minti guda. Na bayotin da sitireftabidin ba ya warwarewa da irin wannan, hanya ɗaya ita ce a ƙone komai da filasmar oksijin. Filasmar tana cinye furotin da PEG amma tana barin silikon ɗin APTES a matsayin siririn oksaid a cikin tsaga, kuma mitar ba za ta koma inda take da farko ba. Kowane zagaye yana buƙatar sabon awon tushe da sabon σ, a kuma rubuta a jikin akwatin farantin sau nawa aka ƙone shi.